Tafiyarmu Zariya da Ƙafar Malam Garba

Koki

Ana kiran assalatu likita ya zo gadon maigidana, Malam Garba magini, a asibiti. Kwana ɗaya kafin nan, da la'asar, ya faɗo daga tsani yana yaɓe a Shahuci, don damina ta kawo jiki. Gwiwarsa ta goce, ta kuma koma da kanta. Hoto ya nuna babu karaya, har muna hamdala, amma aka ce ya kwana a asibiti. Shekarar da soja suka miƙa mulki ke nan, Kano ba a zancen komai sai wannan.

Likitan ya ɗora yatsu a bayan idon sawu ya daɗe, sannan ya ce in taɓa. Ƙafar dama da ɗumi, ta hagu kamar randa. Ya yi mini bayani cewa akwai babbar jijiyar jini a bayan gwiwa, gocewar ta ji mata rauni daga ciki, yanzu jini ya daskare ya toshe ta. Mai yin aikin ba ya gari, sai Zariya.

"Hajiya, kada ki koma gida ɗauko kaya. Awoyi kaɗan suka rage wa ƙafar nan."

Ko zanin canji ban ɗauka ba. Maƙwabcinmu na Koki, Alhaji Bukar, ya kawo fijonsa mai dogon baya, aka kwantar da kujeru aka shimfiɗa Malam.

Hanya

Mun wuce Kura gari na wayewa, manoma na fita da garemani a kafaɗa. Tunda aka kawo ni ɗakinsa ba mu taɓa shiga mota ɗaya zuwa wani gari ba. Kansa na kan cinyata, yana ta jin nauyin Alhaji, yana cewa in gyara mayafina. Da ciwon ya ci ƙarfinsa sai ya daina kula, ya riƙe hannuna.

A Kwanar Dangora muka tarar da shinge. Alhaji Bukar ya saba da sojojin wajen, sai ga 'yan sanda. Ɗaya ya leƙo, ya ga ƙafar da ta fara yin toka-toka, ya janye itacen da kansa. A Tashar Yari Alhaji ya miƙo mini ƙosai ta taga. Malam an hana shi ko ruwa, ni ma na kasa ci.

Zariya

Da hantsi muka isa. Likitan tiyatar dogo ne mai furfura, Hausarsa a karye. Ya shafa mai a ƙafar, ya ɗora wata 'yar na'ura. A dama muka ji tana huci kamar zugazugi, a hagu shiru. Ya ce zai yanko jijiya daga lafiyayyar ƙafar ya yi wa jinin sabuwar hanya, kuma bai yi alkawarin komai ba.

Malam ya dube ni. "Binta, in sun ce yankewa, kar ki yi musu gardama."

Aka shiga da shi ɗakin tiyata, na zauna ƙarƙashin dalbejiya har bayan azahar. Wata Bazazzagiya mai jinyar ɗanta ta ba ni tabarma, buta da zani, daga baya ma ta riƙa kawo mana tuwo. Da aka fito da Malam, ƙarafa sun riƙe gwiwar, an tsaga gefen ƙwaurin saboda kumburi. Likitan ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙafar. Wani abu ƙarami yana motsi ƙarƙashin yatsana.

Komawa

Sai da dawa ta kai gwiwa aka sallame mu. A hanya Malam ya yi ta nuna mini gine-ginen ƙasa, yana faɗin wanda aka yi da kyau da wanda ruwa zai ci. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Mota ba ta shiga lungunmu, matasa suka zo za su ɗauke shi, ya ƙi. Da sanda ya tako har zaure, mata na leƙe ta katanga suna barka.

Allah ya saka wa likitocin nan biyu, da Alhaji Bukar, da baiwar Allahn nan ta Zazzau. Malam bai ƙara hawa sama ba, amma ya ga auren 'ya'yansa duka, kuma kullum da ɗingishinsa yake zuwa masallaci. Da Allah ya karɓi abinsa, da ƙafafunsa biyu aka yi masa wanka.