Audugar Gindin Sigarin Baba

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan babbar sallah, shekarar da na shiga aji huɗu a Gwandu, Baba ya zauna bakin zaure ya tsaga gindin sigarinsa da farce, ya nuna wa Inna audugar ciki da ta rine ta koma ruwan ƙasa. Tela ne, ya daɗe yana shan taba naɗin hannu kafin ya koma sigari mai auduga, kuma Inna ta gaji da tarinsa. Ya ce, "Diba ki gani, dahin duka nan shika tsayawa, ba shi kai ga ƙirjina." Inna ta kalli audugar, ta koma wajen dakanta.

Daga ranar ya saki jiki. Kara uku suka koma kwali guda, yana zuƙa har ƙasan ciki yana taka kekensa. Ni ke share zauren kafin in tafi makaranta, in kwashe guntayen tare da ƙyallaye in kai juji, da bazara kuma jakuna su kai jujin gonarmu ta hanyar Dalijan. Da aka zo huɗa, kashin awaki da kara duk sun zama ƙasa, amma guntayen nan suna bin garma suna fitowa yadda aka zuba su, shekara bayan shekara. Wata damina 'yan agwagina biyar suka yi kiwo a kwatamin bayan zaure inda ruwa ya tara guntayen, washegari na tsinci uku a sandare.

Ina aji shida ya fara tofar da jini. Aka kai shi gidan ƙaninsa a Kalgo don kusa da asibiti, aka tafi da ni in riƙa wanke masa kwano. Likita ya ce wa ƙanin nasa audugar laushi kawai take sa wa hayaƙi, ba ta hana ciwo. Da Baba ya ji, ya ce da ni, "Ashe ƙarya na hwaɗa ma innarki." Bai kai girbin gero ba.

Yanzu a Kalgo nake koyarwa. Kullum in na wuce tasha ina ganin samari kan babura suna cilla guntaye cikin magudana, ruwa ya ja su fadama inda ake shuka shinkafa. Wani lokaci nakan tsaya in yi magana, su yi dariya su ce, "Malama, ai mai auduga ce." Bana na ɗara shekarun da mahaifina ya yi a duniya da shekara biyu.