Baba Mai Agogo Zai Ajiye Matsefata

Kafin masu shagunan layin su gama ɗaga ƙofofinsu, Baba Mai Agogo ya riga ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburinsa da ke ƙarƙashin matakalar bene. Ya jera matsefata da 'yan sukudirebobi da gwangwanin giris, ya wanke hannu, ya maƙala gilashi a ido ɗaya. Haka muka taso muka same shi. A ƙarshen watan nan zai daina.

Yawancin aikinsa canza batir ne da maɗauri. A wurin wasu, sha yanzu magani yanzu ne. A wurinsa kuwa sai ka gaji da tsayuwa. In ya buɗe bayan agogo, kafin ya taɓa batir sai ya zaro wani siririn zoben roba da ke kwance a bakin murfin, ya ɗaga shi a haske. In ya bushe ko ya tsage, ya sake wani. In da sauran ransa, ya shafa masa giris ya mayar. Wannan zoben ne ke tare ruwa. Mai gaggawa kan ce, "Baba, batir kawai na ce." Shi kuma ya ce, "Ɗana, ai kana wanke hannu, ko?"

Akwai wani mai wanki a bayan layin, yana ɗaure da agogon marigayi yayansa. Ya yi tafiya, aka canza masa batir a tasha, bai jima da dawowa ba gilashin ya yi gumi daga ciki. Da Baba ya buɗe, babu zobe, an yar. Tsatsa har ta fara ci. Ya busar, ya goge, agogo ya tashi, amma zoben da ya yi daidai da murfin ya gagara.

"Ka sa masa gam kawai, Baba," in ji mai wanki.

"In na manne shi, ran da batir ya mutu sai dai guduma."

Ya zazzage gwangwanayen matattun agogo, ya aika wa abokan sana'a, shiru. Makonni suka wuce. Mai wanki ya daina gaishe shi, har ya riƙa cewa tsoho ya salwantar masa da abin ɗan'uwansa. Maganar ta iso kunnen Baba, ya ci gaba da neman zoben. Ran da zoben ya samu, ya kira mai wankin, ya rufe murfin a gabansa, ya tsoma agogon cikin kofin ruwa. Suka zuba ido, ko ƙwayar kumfa ba ta taso ba. Mai wanki ya durƙusa zai ba da haƙuri, Baba ya ce, "Tashi, kayan mutane na jiranka." Har yau da agogon yake shiga kumfar sabulu.

Kwanan baya hannun Baba ya fara rawa. Wata safiya zobe ya yi ta kuɓuce masa daga matsefata, ga agogon wata ma'aikaciyar jinya a buɗe. Ya naɗe mata kayanta a takarda, ya kwatanta mata wurin wani mai gyara da ya yarda da shi. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa ya gama.

"Haba Malam, ai babu wanda ya gani," ta ce.

"Ruwa zai gani."

Baba, kai ne ka ƙi manna abin da ya kamata a rufe. Kai ne aka zarga ka haɗiye, maganin gaggawa, mai aikin ɓoye. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Mu da muka rage a kan tebura da cikin shaguna kuwa, kowa ya san ɓangaren aikinsa da mai kaya ba zai taɓa buɗewa ya duba ba. A can ake neman mu yi koyi da Baba.