Ƙafar Lirwanu ta Hagu

A Zugu, inda aka haifi Lirwanu Makau, ba a ɗauki gudu wani abin yabo ba. Ana gudu ne don a kore awaki daga gero, ko a kai fura gona kafin rana ta take. Mahaifinsa ya rasu yana aji shida na firamare, sai mahaifiyarsa, Inna Habsu, ta riƙe shi da ƙannensa biyu da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har ta tura shi sakandare a Gummi.

Can ne Malam Yahaya, malamin wasanni, ya lura da shi a 2011. Ya sa 'yan ajinsu zagaye fili sau biyu, mita ɗari takwas ke nan. Sauran suka zube suna haki, Lirwanu kuwa ya tsaya yana tambaya ko da saura.

"Babu saura," in ji Malam, idonsa na kan agogo. "Gobe da safe ka same ni bakin gulbi."

Shekara guda ya yi yana gudu cikin yashi. A 2012 aka kai shi gasar makarantu a Gusau da takalmin aro da ya matse masa yatsu, ya zo na ɗaya a mita ɗari takwas. Da shekara ta zagayo ya ƙara da mita dubu ɗaya da ɗari biyar, ya cinye duka biyun. Waɗanda suka gani sun ce ba ya fara tsere da zafi. Yakan lafe a bayan na gaba kamar mai jin kunya, sai a kwanar ƙarshe ya buɗe ƙafa.

Aka gayyace shi sansanin horo a Kaduna. Saura mako uku tafiya, agarar ƙafarsa ta hagu ta fara yi masa zogi da safe. Bai gaya wa kowa ba, don tsoron a cire sunansa. A rana ta tara a sansanin, yana tsakiyar zagaye na biyu, ya ji kamar an tsula masa bulala a dunduniya. Har waiwayawa ya yi ya ga wa ya doke shi. Babu kowa. Likita ya ce jijiyar ta yage.

A kan babur aka ƙarasa da shi gida, ƙafa cikin filasta. Bayan an cire, Inna takan ɗumama man kaɗanya ta zaunar da shi a kan turmi, ta aza ƙafar bisa cinyarta tana murzawa a hankali.

"Mi ya hana ka faɗi tun tana ƙarama?"

"Inna, da sun bar ni gida."

"To, yanzu ina kake?" Ta ce haka tana murmushi, amma ba ta ɗago kai ba.

Ya koma fili a 2014, ya ci tsere biyu, ƙafar ta kumbura. Ya huta wata bakwai, ya sake gwadawa, ta sake. Masu kiransa daga Gusau suka rage kira, daga baya suka daina. Malam Yahaya ne ya hau babur har Zugu, ya zauna da shi a zaure, ya ce, "Lirwanu, ni na sa ka cikin wannan abu, ni ya kamata in ce maka ya isa."

Da hare-hare suka tsananta a yankinsu, ya ɗauko Inna da ƙannensa ya dawo da su Gummi, ya koyi gyaran injin ban-ruwa. A 2017 tsohuwar makarantarsu ta shirya tseren tsofaffin ɗalibai. Ya ce ba zai shiga ba. Inna tana tsince gyaɗa ta ce, "Kowa ya gan ka kana gudu ban da ni. A bakin mutane nika ji."

Ya ɗaure ƙafar da bandeji ya shiga. Ta zauna a tabarma gindin darbejiya tare da matan unguwa. Zagayen farko ya tafi sumul. A kwanar ƙarshe ya buɗe ƙafa kamar da, ya wuce mutum uku, sannan dunduniyar ta riƙe shi. Na huɗu ya zo, yana ɗingishi.

Ya je ya durƙusa gabanta. Ta ba shi ruwa a moɗa, ta share masa gumi da bakin mayafinta.

"Ashe haka kake," ta ce. "Ba su faɗa mini rabi ba."

Bai ƙara tsere ba. Ya auri Atine, 'yar maƙwabtansu, a shekarar da ta biyo. Manoman fadama sun san shi da gyara mai kyau da rashin yawan magana. Idan sanyi ya shigo yakan ɗan ja ƙafar, in aka tambaye shi sai ya ce da sauƙi.