Shekara bakwai babu Yaya Habu, mai jin abin da ba a faɗa ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habu, majon likita, wato babban ma'aikacin jinya, wanda ya yi aiki a Kornaka kafin a dawo da shi Dakoro. Na so in rubuta addu'a kawai in tsaya, amma abin da ya same mu a damanar nan ya hana ni.

Yaya Habu ba ya yarda da amsar farko. Idan ya tambayi marar lafiya jiki aka ce da sauƙi, sai ya gyara zama, ya tambayi abin da aka ci, da wanda ya kawo shi, da dalilin da bai zo jiya ba. Ya san mutanenmu. Wani kunya ce ke rufe masa baki, wani kuma ba ya son a bar gona saboda shi.

A damanar nan zazzaɓi ya kama Innarmu a Ɗan Gulbi. Ɗiyata Rakiya, malamar lakkol, wato makarantar boko, tana hutu a wurinta. Cikin salularta akwai irin na'urar nan da ake rubuta wa tambaya ta ba da amsa kamar mutum. Ta rubuta da Faransanci cewa kakarta na zazzaɓi, ta sha magani, kuma ta ce da sauƙi. Na'urar ta ce wannan alama ce mai kyau, a ba ta ruwa, ta huta, in abin ya ƙaru a je likita. Rakiya ta riƙe farkon maganar, hankalinta ya kwanta.

Ranar Juma'a na je gaisuwa. Na tarar da Inna kwance, leɓɓanta sun bushe, furar safe na gefe ba a taɓa ba. Na ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi," muryar da ƙyar take fita. Nan take na kira mai mota.

Kafin mai mota ya iso, Rakiya ta sake rubuta wa na'urar. Wannan karon ta faɗi tsufan Inna, ta ce ba ta ci, ba ta sha, ga nisa da likita. Nan take amsar ta juya: a tafi da ita yanzu, kada a jira. Na'ura ɗaya, tsohuwa ɗaya. A hanya Rakiya ta ce mini, "Baba, wallahi da farko so nake a ce mini ba komai." Ban yi mata faɗa ba. Ni ma da na so in ji haka.

Ban ɗora wa na'urar laifi ba. Abin da aka gaya mata ta amsa. Ba ta ga ɗakin ba, ba ta san Inna ta yi maganar ne gaban maƙwabta masu dubiya ba. Tsorona a nan yake. Matasanmu na tambayar na'urar maganin yara, da na awaki, da na ciki, kuma mai tambaya cikin firgita ba ya kawo labari cikakke.

Ina yawan tunanin mi Yaya Habu zai ce. Ba mai ƙin sabon abu ba ne. Ina jin da ya zauna da na'urar yana gwada ta, yana dariya, sannan ya koya wa ƴaƴanmu yadda ake ba ta labari. Wa zai koya musu yanzu? Hutu ya ƙare, Rakiya ta koma aiki, ni ina Dakoro, Inna kuma ta ƙi barin ɗakinta. Ko yaushe salula ta yi ƙara sai in yi saurin ɗauka, ko labarin Inna ne.

Ranar da muka kai Inna likita an yi mata ƙarin ruwa, ta tashi, sai dai ƙarfinta bai dawo duka ba. Habu ɗanta ne na fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. A gadon likita, da ta buɗe ido, ta dubi masu fararen riguna ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ina Habu?"

Allah ya jiƙanka, Yaya.