Karyar Merv Ta Ƙi Keji

Merv Tuckwell ya ƙarar da ƙarfinsa yana jan motar dakon tumaki daga garaken yankin Deniliquin zuwa kasuwanni. Mutum ne marar yawan magana. In ka ji muryarsa ta tashi, to da karyarsa Tess yake. Ita ke kora masa tumaki su hau mota, kuma ba a taɓa faɗa mata abu sau biyu ba. Da matarsa ta rasu, ƙugunsa kuma ya fara damunsa, sai ya sayar da motar, shi da Tess suka koma zaman baranda suna kallon hanya.

'Yarsa Narelle ce ta matsa masa ya tattara ya koma wurinta a tsibirin Tasmania. Ya yarda, amma ya ce ƙafarsa ƙafar Tess.

"Ba komai, Baba," in ji ta a waya. "Sai dai a jirgin ruwa cikin keji za a sa ta. Ka fara saba mata tun yanzu."

"Keji? Tess ɗin? Ita da ko igiya ba ta sani ba?"

Likitan dabbobi ya yi masa bayani dalla-dalla: kada ya tura ta da ƙarfi, kada ya yi gaggawar rufe ƙofa, ya riƙa sa mata abinci a ciki har ta ɗauki wurin ɗakinta ne. Merv ya yi ta gyaɗa kai, amma ya fito bai fahimci yadda abin da ke da sakata ta waje zai zama ɗaki ba.

Ya sayo kejin ya kafa a falo. Tess ta zagaya shi, ta shinshina, ta fita baranda abinta. Ya sa naman rago a ciki. Ta miƙa wuya daga waje ta janyo kwanon. Ya shimfiɗa tsohuwar rigarsa a ciki. Ta ciro ta, ta kai masa har gabansa. Ya yi fito, ya nuna da hannu yadda suka saba. Ta ruga bayan gida neman tumaki, ta dawo tana kallonsa kamar mai tambaya ina suke.

Ran nan da hantsi ya ce bari ya gwada mata. Ya durƙusa, ya rarrafa ya shige har ƙugu. Nan ciwon ya riƙe shi, ba gaba ba baya. Tess kuwa ta ga a ƙarshe wani abu ya shiga inda ya kamata, sai ta kwanta daidai ƙafafunsa ta tsare ƙofa. Da ya motsa sai ta yi gurnani ta ɗan kama dugadugin takalminsa.

A haka maƙwabciyarsa Dulcie ta same su, ta kawo masa biskit ɗin da ta gasa.

"Kai, Merv! Ashe an dace. Wa ya koya wa wani?"

"Dulcie, don Allah bar dariya ki janye ta."

"A'a, bari in rufe ƙofar tukuna, ai ka saba da wurin."

Da ta taimaka ya fito, suna shan shayi, sai ta daina dariya ta ce, "Tsoho, ka yi tunani mana. Duk rayuwarta tana tura dabbobi cikin ƙarfe irin wannan. Ta taɓa ganin wadda ta dawo?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Bai sani ba ko kare yana irin wannan lissafi. Bai kuma sani ba ko da Tess kaɗai Dulcie take. Ya kira Narelle ya ce ya fasa zuwa. Sai ta ce ai masu ɗaukar kaya suna nan tafe ranar Laraba. Bai ce su zo ba, bai ce kada su zo ba.

Suka zo, suka kwashe kujeru da gado da tebur, har tabarmar bakin ƙofa. Merv ya raka su bakin titi, ya dawo ya tarar da falo fayau, yana kiran Tess. Tana cikin keji, ta naɗe jiki tana barci, ba nama, ba riga.

Likita ya ce haƙuri ne ya yi aikinsa. Dulcie ta ce ƙarar mota ta tsorata ta. Narelle ta ce ai kare ya fi mutum sanin lokacin tashi. Merv ya saurari kowa, bai kama ko ɗaya ba.

Ranar tafiya ma'aikacin jirgi ya buɗe mata kejinsu, ta shige ba gardama. Merv ya hau sama ya sayi shayi, ya riƙe shi har ya huce, teku na ta jijjiga shi. Da suka sauka aka buɗe mata, ta fito ta yi miƙa, ta yi hamma.

"To, yaya kika gani?" ya tambaye ta.

Tess ta wuce shi, ta nufi wani gindin ciyawa a bakin tashar. Narelle na can bayan shinge tana ɗaga hannu, shi kuma ya bi karyarsa yana ɗingishi.