Doka ta Huɗu ta Malama Muattar

Shekara talatin da ɗaya Malama Muattar ta yi tana koyar da 'yan aji ɗaya a ƙauyensu na kwarin Fargana, yara ɗari takwas da sha biyu suka bi ta hannunta. Tun makonta na farko ta rubuta dokokin ladabi goma sha bakwai ta manna a bango: a dafe ƙirji a gaida babba, kada a kifa gurasa, a miƙa shayi da dama. Ta huɗu ta ce in manya na magana, yaro ya tsaya hannu a ƙirji sai an dube shi.

A shekararta ta tara, lokacin da ake sako ruwa ga gonakin auduga, tana bakin makaranta suna hira da Baba Tursun mai rabon ruwa, sai ga ɗalibarta Zilola a guje, gefen rigarta sharkaf. Ta ja ta tsaya, ta dafe ƙirji.

"Ka ga tarbiyya, Baba?" in ji Malama.

"Na gani. Kin dasa su kamar turaku, saura ki ɗaure awaki."

Suka yi dariya, Baba ya ƙarasa labarinsa, sannan Malama ta waiwaya wajen Zilola.

"Malama, ƙanena Shokir ya faɗa magudanar ruwa."

A ƙarƙashin gada aka tsamo shi, rai ya yi halinsa. Shekararsa huɗu.

Daga baya Malama ta auna komai. Taku ɗari da arba'in ne zuwa magudanar. Hirar kuwa ta maimaita ta da agogo a hannu: minti biyu da rabi. Har yau in yaro ya dafe ƙirji ya yi shiru, rigar nan mai ɗiga take gani.

Ta yage takardar dokokin, ta tambayi yaran, karo na farko a aikinta: "In magana ba ta jira, yaya za ku yi?" Shawara shida suka kawo, suka zaɓi ɗaya: a ja hannun rigar babba sau uku, shi kuma dole ya yi shiru. Iyaye goma sha ɗaya suka kawo ƙara wai tana ɓata yara. Ba ta janye ba.

Zilola fa, gaisuwa kawai. Shekara ashirin da biyu ba ta ƙara mata kalma a kai ba, Malama kuma ba ta san ko an yafe mata ba.

Bana sai ga Zilola da 'yarta Nigina, ta kawo ta aji ɗaya. Suna cikin gaisuwa, Malama ta ji an ja hannun rigarta. Ɗaya, biyu, uku. Ta yanke maganarta, ta durƙusa gaban Nigina.

"Malama, takalmina ya matse ni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Malama ta ɗago kai. Zilola na kallon bangon da takardar take a da.

"Ni na koya mata a gida," ta ce. "Ki duba mata takalmin, Malama. Kullum sai ta yi ƙorafi, ba ta rufe baki."

Malama ta kwance igiyar takalmin, ta sassauta mata shi.