Ƙwallayen Dabinon Yaya Haruna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Haruna ya rasu. Da safen nan 'yarsa Maryam ta bugo min waya daga unguwar Aziziyya, nan Makka, ko karyawa ban gama ba. Ga shayin nan a gabana har ya huce.

Da yatsa ɗaya nake danna rubutun nan, ku yi haƙuri da tsoho.

A unguwar Jarwal ta Makka aka haife mu, lungu ɗaya, iyayenmu Kanawa ne da suka biyo ta Sudan a ƙasa. Ya ba ni shekara bakwai. Shi ya kai ni Jidda wajen masu ƙera jiragen ruwa na katako, a ƙarshen shekarun 1950. Shi ya saya min gizagona na farko. In muka zauna cin ful, dafaffen waken nan na Larabawa, sai ya juyo min gefen da mai ya taru, ya ce shi ba ya son maiƙo. Ƙarya yake, yana so.

Akwai hakkinsa a wuyana, yau zan faɗa.

Wani attajiri ya zo warsharmu, wato maƙerar jiragen da muke aiki, yana son jirgin shaƙatawa mai inji, ƙato, da ɗakunan kwana da falo a ciki. Ba mu taɓa yin irinsa ba. Mai warsha ya ce Yaya ya duba ya faɗi awa nawa aikin zai ci.

Yaya bai yi boko ba. Ƙwallayen dabino yake tarawa a gwangwani. Ya shimfiɗa zanen jirgin a ƙasa, kowace ƙwallo aikin mutum ɗaya ne na mako guda. Ga tsibin ƙashin jirgi, ga na katakon jiki, ga na toshe kafofi, ga na ɗora inji. Sai tsibin ɗakunan ciki ya fi kowanne tudu.

Mai warsha ya ce, "Ya mu'allim, ɗaki ya fi jirgi?"

Yaya ya ce, "A waje mutum goma sa buga ƙusa tare. A ɗakin can kuwa, sai ɗaya ya fita kafin ɗaya ya juya."

Da ya zo raba aikin a kan watanni, kwanakin azumi rabin yini ya lissafa su. Watanni biyu na Hajji kuwa ya tsallake su ɗungum. Ya san halinmu. Alhazai na fara sauka, duk Bahaushen da ke warshar zai koma Makka, wani ɗaukar tsofaffi a ɗawafi, wani tarbar dangi daga gida. Ya ce, "Kwanakin nan ba namu ba ne, kada a sa su a lissafi."

Ya ce wata goma sha takwas. Attajiri ya ɓata rai.

Ni kuwa da ɗan karatuna da rawar kaina, na ɗauki fensir na raba awoyin da yawan mutane. Na zagaya bayan idon Yaya na samu mai warsha, na ce wata goma ya isa. Ban tsaya nan ba. Na ce Yaya jan ƙafa gare shi, hutu yake nema wa kansa. Wallahi da bakina na faɗa.

Aka ba ni shugabancin aikin, aka mai da shi yankan katako a ƙarƙashina.

Zulƙida na tsayawa warsha ta watse. Har ni mai fensir! Inna ta aiko cewa ƙanenta ya iso daga Kano, na ajiye komai na hau mota.

A wata na goma sha takwas jirgin ya taɓa ruwa. Mai warsha ya tashi korata, Yaya ya ce, "A bar shi, ai yanzu ya iya lissafi."

Daga nan bai sake ta da maganar ba. Shi ya shige gaba a neman aurena, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Ban sani ba ko ya taɓa jin abin da na faɗa a kansa. Shekara sama da sittin ina cewa gobe zan gaya masa in roƙi gafara. Kunya ta hana.

Bayan ƙaramar salla na je gaishe shi da niyyar in sauke. Yana kishingiɗe yana tsotsar dabino, ƙwallayen kuma yana jefawa a kofi, hali zanen dutse. Na ce, "Yaya, akwai wata tsohuwar magana." Sai baƙi suka yi sallama. Na ji daɗin shigowarsu, Allah Ya sani.

Da zan tafi na ce sai bayan Hajji in hanya ta buɗe, zan dawo mu zauna.

Ya riƙe hannuna yana dariya. "Sale, har yanzu kana lissafi da kwanakin da ba naka ba?"

Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Yanzu ga alhazai sun cika gari, hanyoyi a toshe. Maryam ta ce bayan la'asar za a sallace shi a Harami. Ni ina unguwar Rusaifa, gwiwoyina ko ƙofar gida ba sa kai ni sai da sanda. Na kira masu mota uku, kowa ya ce ba hanya. Ko makararsa ba zan taɓa ba.

Ban san abin da zan yi ba, jama'a. Zaune kawai nake.

Allah Ka jiƙan Yaya Haruna, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa haƙurin da ya yi da ni ya tarar da shi a mizani.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Wanda kuma Allah Ya sa yana Harami yau, in an kira sallar gawa bayan la'asar, yayana na cikinsu. Ku tsaya min a sahu. Ku roƙa min Allah Ya sa ya ji maganar nan tun tuni, ya kuma yafe.